Yaron Da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Hirarmu ta yau a kan yara ce, amma ba kowane yaro ba. A kan yaron nan ne da kowace unguwa ta san da zamansa. Wanda in aka ji tarwatsewar kwano a tsakar gida, tun kafin a waiwaya an riga an ƙwala kiran sunansa. Malamin Islamiyya ya gaji da kawo ƙararsa, malamin boko ya rubuta a takardar sakamakonsa cewa yana da ƙwaƙwalwa amma wasa ya yi masa yawa. Mukan ce ƙiriniya ce, rawar kai ce, kunnen ƙashi ne. In abin ya ishi iyaye, sai ka ji an fara cewa anya ba hannu aka sa wa yaron nan ba, ko kuwa iska ce ta shafe shi?

Sau tari ƙiriniyar ce kawai ta ƙuruciya, wadda girma ke maganinta. To amma a cikin waɗannan yara akwai waɗanda abin nasu larura ce, likitoci sun san ta, suna da hanyar gane ta, suna kuma da hanyar taimakon mai ita. A asibiti za ku ji ana kiranta da haruffa huɗu, ADHD, wato larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Ita za mu tattauna yau, kuma ina roƙon iyaye maza kada ku ce wannan zancen mata ne ku murɗa akwatin rediyon. Akwai rabonku a ciki, za ku ji shi nan gaba.

Bari mu shiga wani gida, a matsayin misali. Uwa tana gindin murhu, ta kira ɗanta mai shekara tara, mu sa masa suna Sani. Ta ce, ungo wannan kuɗin, ka sayo mini gishiri da magi a shagon bakin layi, ka biya gidan Inna ka karɓo mini rariya, kada ka daɗe, tukunya na kan wuta. Sani ya ce to, kuma wallahi har cikin zuciyarsa to ɗin yake nufi. Ya fita a guje, takalmi ƙafa ɗaya. A zaure ya ga ƙadangare ya bi shi da dutse. A bakin layi yara na buga ƙwallo, ta gangaro gabansa, ya mayar musu, ya tsaya ya ga inda za ta kwana. Bayan rabin awa ga shi ya dawo da magi a hannu, ba gishiri, ba rariya, canjin ma bai san inda ya zube ba. Uwa ta ce, me na aike ka? Ya yi tsuru-tsuru. Aka zane shi, ya yi kuka, ya yi rantsuwar ba zai sake ba. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ku lura da wani abu a nan, domin shi ne ƙashin bayan shirinmu na yau. In ka zaunar da Sani da yamma, ka tambaye shi abin da ya kamata yaro ya yi in an aike shi, zai zayyana maka tsaf, har ya fi wasu yaran iya faɗa. Ya sani sarai. Abin da ya gagare shi shi ne riƙe sanin nan a daidai lokacin da ƙwallo ta gangaro gabansa. Tarbiyyar ta shiga kansa, amma ba ta zuwa masa a kan kari. Wannan ne ya raba shi da yaro mai taurin kai, wanda ya ji ya ƙi da gangan.

Likitoci sun kasa alamomin gida biyu, kowane gida da alamomi tara. Gida na farko na rashin natsuwa ne: kuskuren ganganci a rubutu, fara aiki a kasa ƙarasa shi, a yi wa yaro magana kamar ba da shi ake ba, yawan yar da fensir da hula da takalmi, mantuwa, ƙyamar duk aikin da ke buƙatar dogon tunani. Gida na biyu na motsi ne da gaggawa: mutsu-mutsu a kan benci, tashi daga wurin zama ba izini, hawa katanga da bishiya, surutu ba ƙaƙƙautawa, amsa tambaya kafin a gama yin ta, kasa jiran layi, tsoma baki a zancen manya. Wani yaron ya fi ƙarfi a gida ɗaya, wani kuwa ya haɗa duka biyun.

Akwai wadda nake so mu tsaya a kanta, domin ita ce aka fi zalunta ba tare da an sani ba. Ita ce yarinyar nan mai shiru-shiru da ke zaune a ƙarshen aji. Ba ta dukan kowa, ba ta fasa komai, ba a taɓa kawo ƙararta ba. Malama na bayani, idonta na kan allo amma hankalinta ya yi nisa. A gida a ce ta lura da tuwo, ya ƙone tana zaune a gabansa. Ana kiranta shashasha, ana cewa shiririta ta yi mata yawa, har a riƙa yi mata gorin cewa haka za ki je gidan miji? Ita ma tana iya zama mai wannan larura, irin wadda ba ta da hayaniya. A ƙididdiga akan samu yara maza kamar biyu a kan mace ɗaya, amma masana da yawa na ganin ana tsallake mata ne saboda nasu ba ya damun kowa sai su kansu.

Wani mai sauraro zai ce, to ai Malam duk yaran gidana ka lissafo. Gaskiyarka, kowane yaro yana yin waɗannan wani lokaci, shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da ji ɗaya. Sai an samu aƙalla alamomi 6 cikin 9 a gida ɗaya, sun ɗauki wata 6 ko fiye, sun kuma wuce abin da aka saba gani ga sa'o'in yaron. Sai sun fara tun kafin ya cika shekara 12. Sai an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Yaron da yake lafiya lau a gida da Islamiyya amma ya zama ɗan ta'adda a ajin malami guda ɗaya, a bincika ajin tukuna. Sannan sai abin yana yi masa illa a zahiri: karatu na lalacewa, abokai na gudunsa, gida ba zaman lafiya. Babu gwajin jini da ke nuna ta, babu hoton kai da ke tabbatar da ita. Da tambayoyi ake ganowa, da jin ta bakin iyaye da malamai, da duba lafiyar yaron gaba ɗaya.

Nakan ji ana cewa wannan ciwon Turawa ne, ko ciwon zamani da wayar salula ta kawo. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotland mai suna Alexander Crichton ya yi rubutu a kan mutanen da ba sa iya tsayar da hankalinsu kan abu guda tun suna ƙanana. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara 43 masu wahalar kame kansu, ya kuma lura cewa da yawansu ba daƙiƙai ba ne, basirarsu lafiya lau. A wancan zamani ko rediyon da kuke saurarona da shi bai shiga gidaje ba, balle wayar salula. Sunan da ake kiranta da shi yanzu kuwa a 1987 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta tsayar da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022.

Batun cewa ta Turawa ce kuma, a 2007 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Guilherme Polanczyk na ƙasar Burazil sun tattara bincike 102 daga sassan duniya, suka samu cewa kusan yara 5 cikin kowane 100 na da ita. Wani nazarin da ya tattara binciken ƙasashen Afirka a 2020 ya samu kusan 7 cikin 100. Ku yi lissafi da ajin firamaren gwamnati mai yara 80, irin wanda muka sani. Ko da mun ɗauki ƙaramin adadin, yara huɗu ke nan a aji guda. Suna nan a cikinmu tun fil azal, suna dai shan bulala ne da wasu sunayen.

To me ke kawo ta? Mafi girman dalili gado ne. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali daga gado yake, kusan kamar yadda ake gadon tsawo. Ga rabon da na ce muku, iyaye maza. Kafin ka ce uwarsa ce ta sangarta shi, je ka tambayi tsohuwarka yadda ka yi naka yarintar. Wataƙila ta yi dariya ta ce maka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A cikin ƙwaƙwalwa, sashen da ke daidai goshi shi ke da aikin tsara abu, da jinkirta sha'awa, da tace abin da ya kamata a saurara. Yana aiki ne da wasu sinadarai masu kai saƙo, musamman dofamin da noradirenalin. A 2007 masu bincike a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka sun bi hotunan kan yara 223 masu larurar suka kwatanta da na wasu 223 marasa ita, suka ga wannan sashe yana nuna a makare, da jinkirin kusan shekara uku. Wato yaro ɗan shekara goma, ta fuskar kame kai, yana iya zama kamar ɗan bakwai, alhali a lissafi ko hadda yana daidai da sa'o'insa ko ya fi su. In kuna son ku ɗanɗana abin da yake ji, ku tuna lokacin da rediyonku ke kama tasha uku a lokaci guda, wannan na labarai, wannan na kiɗa, wannan na wa'azi, duk da ƙarfi ɗaya. Haka muryar malama, da kukan akuya a bayan taga, da ƙaiƙayin ƙafarsa suke iso masa, babu wanda ya fi wani ƙara.

A nan iyaye kan yi mini wata tambaya mai ma'ana: in da gaske ba ya iya natsuwa, yaya yake awa biyu a kan wasan waya ko kallon ƙwallo ko ƙiftawa ba ya yi? Amsar ita ce, abin da ke ba shi daɗi nan take, yake kuma canzawa kowane daƙiƙa, shi ke riƙe hankalin, ba yaron ke riƙe shi ba. Wahalar tana wajen aikin da ladansa ke nesa, kamar jinga ko wanke-wanke, inda dole mutum ya tura hankalinsa da kansa.

Bayan gado akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin: haihuwar bakwaini, jariri ya zo da ƙarancin nauyi, shan barasa ko taba da juna biyu, mummunan rauni a ka. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ma yakan bar wasu yaran da canjin hali bayan sun warke. Sai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, gubar dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da aƙalla yara 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon daka duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, har sai da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, MSF, ta shigo da magani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dalmar da ba ta kai ta kashe yaro ba tana iya rage masa basira da natsuwa. Kuma ba a ramin zinare kaɗai take ba. Tana cikin tsofaffin batiran mota da ake fasawa a unguwa, tana cikin wasu fentin, kuma gwaje-gwaje sun sha samun ta da yawa a kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai. Kakanni, na san kwalli ado ne kuma al'ada ce, amma idon jariri ba ya buƙatarsa.

Sukari fa? An gwada, an sake gwadawa. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen a 1995 bai samu shaidar cewa zaƙi na sa yara rawar kai ba. A rage alewa saboda haƙori, ba don wannan ba.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi a yara.

Yanzu bari in ja birki, domin ba na so a tashi daga shirin nan kowa ya liƙa wa ɗansa ADHD. Abubuwa da yawa suna kama da ita. Yaron da ya tafi makaranta ba karin kumallo ba zai natsu ba. Wanda ya kwana kallo, ko sauro da zafi suka hana shi barci, ko yake minshari saboda toshewar hanci, haka. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa ba ya jin malama sosai, wanda idonsa ba ya hango allo kuma ba shi da abin kallo sai taga. Ƙarancin jini na sa kasala. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri guda, sau da yawa a rana, a ɗauka shagala ce. Masu sikila wani lokaci jini kan toshe a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu ba tare da an lura ba, karatu ya ja baya. Ga kuma yaron da ya ga tashin hankali: aka kashe wani a gabansa, aka kore su daga ƙauyensu, ko iyayensa suka rabu yana hannun wadda ba ta ƙaunarsa. Wannan tsoro ke cinsa, maganinsa daban.

Sai wani abu da mu iyayen birni muke jawowa da hannunmu, wato gaggawar sa yaro a ajin da ya fi ƙarfinsa. A Amurka, a jihohin da ke ɗaukar yara makaranta bisa ranar 1 ga Satumba, wani bincike na 2018 kan yara sama da 400,000 ya gano cewa waɗanda aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun wannan laƙabi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba komai ya raba su ba sai watanni. To ina ga mu da muke tsallakar da yaro aji biyu don a ce ɗanmu ya gama sakandare yana da shekara goma sha huɗu? Ɗan shekara huɗu da aka zaunar a benci awa biyar, in ya tashi ya yi tsalle, lafiyarsa ce ta sa.

Mu dawo kan wanda aka tabbatar yana da ita. Zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: duka ba ya maganinta. Da yana yi, da tuni ta ƙare a ƙasar Hausa, domin babu yaran da suka kai waɗannan shan dorina. Bulala tana koya wa yaro abin da bai sani ba ne, in ma tana koyarwa, shi kuwa wannan mun ce ya sani. Abin da take ƙara masa shi ne ƙarya don ya tsira, da taurin zuciya, da yarda cewa shi ɗin ba shi da amfani. Yaron da tun safe har dare ba ya jin komai sai kai dai ba ka da hankali, Allah wadaranka, wata rana zai gaskata. In ya kai shekara goma sha biyar ya sami majalisar da ake yi masa dariya ana tafa masa, can zai tare, kuma mun san abin da ake sha a wasu majalisun. Bincike ya tabbatar cewa masu wannan larura, in ba a kula da su ba, sun fi faɗawa shaye-shaye da barin makaranta. A Denmak an bi mutum kusan miliyan biyu, aka wallafa a 2015 cewa haɗarin mutuwar ƙuruciya ya ninka a wurin masu ita, akasari ta hanyar haɗurra. Adadin bai da yawa, amma ya isa ya sa uba ya yi tunani kafin ya miƙa wa irin wannan yaro makullin babur. Kuma bayan abin da aka gani a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019, bai kamata wani uba ya sake ɗaukar sarƙa a matsayin gyaran kangararre ba.

Abin da ke aiki ba shi da tsada, sai dai yana cin haƙuri. Uwa, kada ki aike shi daga ɗaki yana tsakar gida. Matso kusa da shi, dafa kafaɗarsa, ki tabbata hankalinsa na wurinki. Na san wasunku ɗan fari ne, kuna alkunya ko sunansa ba kwa kira, to a kira shi da laƙabinsa, amma a matso. Ba shi saƙo ɗaya: gishiri. Ce masa ya maimaita. In ya kawo, sai ki tura shi rariya. Tafiya biyu ta fi duka ɗaya sauƙi. Tsara masa rana yadda kullum abu kaza ke bin abu kaza, salla, wanka, kari, jaka, kuma a samu ƙusa guda da jakar ke rataya a kai da wuri guda na takalmi. Jinga a yanka ta gunduwa-gunduwa, minti goma ya tashi ya zaga ya dawo. A bar shi ya yi gudu, ya buga ƙwallo, ya ɗebo ruwa, ya gaji. A karɓe waya tun kafin lokacin barci.

Babban maganin kuwa yana bakinku, kuma mu Hausawa muna rowarsa. Ba mu saba yabon yaro a gabansa ba, wai kada kansa ya kumbura. Amma wannan yaron ladan da aka ce sai ƙarshen zango ba ya ganinsa, na yanzu-yanzu yake ganewa. Ya kawo gishirin? Tun bai ajiye ba ki ce, madalla, Allah ya yi maka albarka. Ya zauna minti biyar bai tashi ba? Faɗa masa kin gani. Ku riƙa farautar abin kirkin da ya yi kamar yadda kuke farautar laifinsa. Horo kuma yana nan, ba a ce a sake masa ba: ya zama gajere, nan take, wanda aka riga aka sanar da shi, kamar hana shi fita wasa na ɗan lokaci, kuma Baba da Umma su zama baki ɗaya.

Malamai, na san aji ya cika, albashi kuma sai a hankali, ba zan ɗora muku abin da ba za ku iya ba. Ku dawo da shi layin gaba, nesa da taga da ƙofa. In kun ga ya fara mutsu-mutsu, ku ba shi aikin tashi: ya goge allo, ya raba littattafai, ya kai rajista ofishin hedimasta. Kada a hana shi fita tara a matsayin horo, domin gudun nan ne ke sa ya iya zaman darasi na gaba. Alaramma, a makarantar allo ma haka ne. In sa'o'insa na ɗaukar rubutu mai tsawo, shi a rubuta masa kaɗan, ya biya, ya wanke, a ƙara masa. Sau da yawa za ka tarar kansa na ja, zaman ne ke ba shi wuya.

Akwai kuma maganin asibiti, kuma labarinsa da ban mamaki. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba yara 30 wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa, sai ya ga kusan rabinsu karatunsu ya gyaru, da dama kuma sun lafa. Yaya mai zaburarwa zai kwantar da yaro? Saboda sashen nan na goshi yake tayarwa, mai aikin tsayar da mutum. Wanda aka fi amfani da shi yau shi ne metilfenidet, da aka fi sani da Ritalin, akwai kuma atomoksetin wanda ba ya cikin masu zaburarwa. Wani babban gwaji a kan yara 579 da aka wallafa a 1999 ya nuna magani da likita ke bibiya da kyau yana rage alamomin ƙwarai. Amma ba ya warkarwa, aikinsa na wasu awanni ne, kuma yakan rage cin abinci, ya hana barci, shi ya sa ake auna nauyin yaro da tsawonsa da bugun zuciyarsa a kai a kai. Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, da horar da iyaye ake farawa. Masu tsoron kada ya zama ƙofar shaye-shaye, manyan binciken da aka yi ba su nuna haka ba in likita ne ya rubuta yake kuma lura. Sai dai magani ne da doka ta tsare, ba na saye a kemis ko hannun mai tallan magani a tasha ba ne. Kuma don Allah a daina ɗura wa yaro maganin mura mai sa barci don a huta da shi.

Ba kowa ke rabuwa da ita in ya girma ba. Tsalle-tsallen kan ragu, amma mantuwa da gaggawa kan bi mutum, har ana ƙiyasta manya 2 zuwa 3 cikin 100 na da ita. Shi ne magidancin da ya fara sana'a biyar bai riƙe ɗaya ba, kullum a makare, kullum neman makulli, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ba hukuncin faɗuwa ba ne kuwa. Michael Phelps, ɗan ninƙayan Amurka da ya ci lambobin zinare 23 a gasar Olamfik, yana yaro aka gano yana da ita. Ba kowa zai zama shi ba, amma mai wannan larura da ya sami aikin da ke tafiya da kuzarinsa yakan ba da mamaki.

Ina za a je? A fara da likitan yara a babban asibiti mafi kusa, a duba kunne, ido, jini da batun farfaɗiya. In da buƙata zai tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. 'Yan'uwanmu na Nijar su nemi bayani a manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka za a yi jira, a tafi da shiri. Kada kunyar a ce an gan ku a asibitin mahaukata ta hana ku. Wannan ba hauka ba ce, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a da tofi ba, a haɗa duka.

Iyayen da suka ji kamar da ɗansu ake wannan hira, ku sami ɗan littafi daga yau, ku yi mako biyu kuna rubuta abin da ya yi, da lokacin, da wurin, da awa nawa ya yi barci. Ku je makarantar boko da Islamiyya ku roƙi malamansa su rubuta abin da suke gani. Ku haɗa da takardun sakamakonsa na baya, ku tafi wurin likita ku biyu, uwa da uba. Kafin ranar ta zo, a rataye dorinar.

 

(Kiɗan rufe shiri)